Kawu Gabas da Tekun Kiribi

Ni fa ba ni na sa kaina ba, jama'a, sa ni aka yi! Ina zaman zamana a kan kilandona, wato babur ɗina na haya, ina jiran fasinja, sai ga waya daga Duwala. Yaya Hajara ce, 'yar Kawu Sale, wadda aure ya kai Kamaru. Ko gaisuwa babu.

"Idi, doktor ya ce zuciyar Baba ta gaji, in bai ajiye gatarin nan ba akwai matsala. Ka san kuwa muddin yana Injamena ba zai ajiye ba. Ka kawo mini shi mu kai shi Kiribi bakin teku, ya huta, ya ga jikokinsa ido da ido. Kai ne mai baki."

Na ce, "Yaya, bakin nan nawa na cin tuwo ne." Ƙit, ta kashe waya.

Ku da kuka san shi kun san kayan da ta ɗora mini. Mutumin da duk unguwar Gardole ba mai ce masa Sale, sai Kawu Gabas! Kakansa ne ya taso daga ƙasar Katsina da ƙafa zai je Makka, jakinsa ya yi targaɗe a nan, ya ce bari ya jira ƙafar ta warke. A nan aka haifi uban Kawu, a nan aka haifi Kawu, a nan ya yi furfura yana saran ƙashi a kasuwar Dembe. Amma ka kuskura ka ce masa ɗan gari, sai ya haɗe rai: "Mu matafiya ne, zango muka yada." Buta da buzu da sanda kullum suna ɗaure a bayan ƙofa. Kuma matafiyin Makka, in ji shi, ba ya juya baya. Yamma ko taki ɗaya! Kuserin nan ta Kamaru, yamma da mu, da yara ke ƙetarawa sayen sukari, Kawu bai taɓa taka gadarta ba.

Ina yaro na taɓa tsokanarsa, na ce, "Kawu, jakin nan har yanzu bai warke ba?"

"Ka taɓa yin targaɗe?"

"A'a."

"To rufe mini baki."

"To in ka tashi daga Dembe ka dawo gida, ba yamma ka yi ba?"

"Wannan ɗauko kaya ne, ja'iri. Matafiyi ya yi mantuwa a zango ba zai koma ya ɗauka ba?"

"Kullum kake mantuwa?"

"Kullum innarku tana gida."

To wannan mutumin aka ce in kai bakin teku.

Na fara da lallami. Na same shi a rumfa yana feɗe rago, na ciro waya na nuna masa bidiyon Kiribi: ga ruwa har inda ido ya ƙare, ga bishiyoyin kwakwa, ga yashi fari fat. Ya goge hannu a tsumma, ya riƙe wayar nesa da fuska kamar za ta cije shi.

"Duk wannan ruwa ne? Ana sha?"

"Ba a sha, Kawu, gishiri gare shi."

"Ana ban ruwa da shi?"

"A'a."

"To amfaninsa?"

"Kallo."

"Kallo! Kogin Shari yana nan a bayan gida, ana sha, ana wanki, kallon ma kyauta." Sai ya ƙara matso da ido. "Waɗannan kuma da ke kwance a rana ba riga, wa ya shanya su?"

"Turawa ne, hutawa suke."

"Inna lillahi! Kilishi ma in na shanya ina rufe shi saboda ƙuda."

Duk mahautan layin suka fashe da dariya, ni na kwashe wayata na gudu.

Washegari na koma da dabara. Na ce, "Kawu, Kiribin nan fa kudu take, ba yamma ba. Kudu ai ba laifi, ba ka zuwa Tukura sayen raguna?"

Ya dube ni ta ƙasan ido. "Kudu zalla?"

"Eh to... da ɗan yamma kaɗan."

"In aka ba ka miya aka ce da ɗan guba kaɗan, za ka sha?"

Sai na zaro ɗan ilimin lekol, makarantar boko, da ya rage a kaina. Na sayi lemo a wurin mai tire, na ɗaga masa. "Kawu, duniya kamar lemon nan take. In ka bi yamma, ka bi yamma, ƙarshenta gabas za ka ɓullo. Malaminmu ya faɗa."

"Malamin da ya kore ka?"

"Shi."

"Madalla. Gobe ka hau babur ɗinka daga Gardole ka bi ta yamma ka zo Dembe. In ka iso, na yarda, sai mu tafi." Ya karɓi lemon ya ɓare ya shanye, ko ɓawo bai ba ni ba.

Wallahi rannan na so in ce kalas, na haƙura. Amma da na waiwaya na gan shi ya ɗaga gatari, ya sauke bai sara ba, ya dafa tebur yana haki. Ya lura ina kallo, ya daka mini tsawa wai na tare masa iska. Sai na zauna.

Na ce, "Kawu, can fa kifi ake gasawa, manya kamar cinyata."

"Kifi! Abin da ke mutuwa ba wuƙa ba bisimilla? Ni mahauci ɗan mahauci in bar nama in je cin abin da ba shi da wuya? In ma zan je, da ragona zan tafi."

Na yi tsalle. "To a tafi da ragon!"

"Shi ma ba ya yamma."

Da na gaji na kira Yaya Hajara na manna masa waya a kunne. Ina jin muryarta tana rawa: "Baba, ni fa ba teku ne damuwata ba. Tsoro nake in ji labari a waya." Sai Kawu ya ce, "Hajara, daga Duwala zuwa nan, wace fuska ce?" Ta ce arewa da gabas. Ya ce, "To ke da hanya ta miƙe miki, me kike jira? Ki zo. In kin zo na ajiye gatarin. Ba na zama a kasuwa ina da baƙi."

Haka kuwa aka yi. Ta kwaso yara ta sha hanya, ni na tarbo su a gada. Kawu ya rufe rumfa, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, jikoki suka haye shi, wannan na jan gemu, wancan ya gudu da hula. Ya yi ƙiba, wallahi! Ni da aka ce in kai shi hutu, sai ga hutu na kawo masa a bayan babur.

Amma Yaya Hajara 'yar ubanta ce, ba ta barin gardama. Ta buɗe jaka ta fito da jarka, ta dire a gabansa. "Ga shi, Baba. Ruwan Kiribi, da hannuna na ɗebo. Amma kunya dai ka ji ta: a ce mutum ya tsufa bai je ya ga teku ba saboda taurin kai!"

Ita ce gardamarsa ta ƙarshe, don bai ga damina ba. Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa, ya sa iyakar wahalar ke nan. Amma ko ita sai da ya cinye. Ya tsoma yatsa a jarkar, ya lasa, ya yamutsa fuska, ya dubi jikan da ke kan cinyarsa, sannan ya dube ta.

"Wa ya ji kunya, ni ko tekun? Ina zaune a gidana ya zo gaishe ni."