Kirsimetin da Kwanon Hajiya Bai Fita Ba

Ni mace ce mai son a gama abu da wuri. Tun ina yarinya Mama take cewa ƙafata ta fi kaina sauri, ban kuwa yarda ba sai da na haura arba'in. Wannan halin ne ya sa na sayi tukunyar lantarki mai kulle tururi a shekarar da aiki ya kai ni Abuja. A zuba abu, a murɗa marfi, a danna, a tafi wanka. Waken da yake cinye rabin yini a murhu sai ga shi ya nuna kafin in gama guga. Na ƙaunaci tukunyar nan har abokan aikina suka fara guduna, don duk hirar da aka ɗauko sai na karkata ta zuwa kicin.

A gidanmu na Kafanchan kuwa akwai wata al'ada da ta girme ni. Duk jajibirin Kirsimeti da hantsi, maƙwabcinmu Malam yakan shigo da wuƙarsa naɗe cikin tsumma, ya yanka mana akuya a gindin mangwaron bayan gida. Mu Kirista ne, su Musulmi, kuma Baba ya iya yanka sarai. Amma Mama ta ce in Baba ya yanka, aminiyarta Hajiya, matar Malam, ba za ta ci da kwanciyar hankali ba, to ina amfanin akuyar? Mama tana da wata babbar tukunya da ba ta taɓa ganin naman alade ba, ko da yake muna cinsa a sauran ranaku. A cikinta take dafa miyar Kirsimeti. Akwai kuma wata farar langa mai marfi da jajayen furanni, gefenta ya ɗan ɓantale, wadda muke kira kwanon Hajiya.

Kwanon ɗaya ne tak tsakanin gidajen biyu. Ranar Kirsimeti yakan tafi cike da shinkafa da miyar akuya, ya zauna can. Ranar Babbar Sallah ya dawo cike da soyayyen naman rago, ya zauna wurinmu. Ko da shekarun rikici suka zo, su Hajiya suka tashi suka koma can kusa da kasuwa, Malam bai daina zuwa a kan kekensa ba. Mama kuwa takan ɗaure kwanon a ɗankwali, ta hau acaba ta kai da kanta bayan an tashi daga sujada a majami'a.

A shekarar da nake ba da labari, Baba ya shekara uku da rasuwa, gwiwoyin Mama sun ƙi, wuyan hannunta kuma ya kumbura. Ko tulu ba ta iya ɗagawa. Na tuna wahalar fiɗa da babbaka da wankin hanji da hayaƙin itace, sai na ji tausayinta. Gaskiya ne na ji tausayinta, amma har da son in nuna gwaninta, ba zan ɓoye ba. Na kira ta a waya na ce kada ta sayi akuya bana, ni zan zo da komai.

Ta ce, "To Malam fa? Shi zai zo da wuƙa."

Na ce, "Ki aika masa ya huta, Mama. Shi ma ai ya tsufa."

Ta ce to. Na ɗauka na ci nasara.

Na iso ranar jajibiri da rana, da tukunyata a kujerar baya, da kula mai riƙe sanyi cike da niƙaƙƙen naman shanu da na saya a wani babban kanti. A daskare yake, ƙulli huɗu cikin leda, kowanne da tauri kamar bulo. Washegari da sassafe, kafin a tafi majami'a, na sa aka tayar da janareta, na ɗora tukunyar a kan benci a tsakar gida inda kowa zai gani. Mama ta jawo kujerarta ta zauna, ta ɗora hannuwanta a cinya.

Na zuba ruwa kofi ɗaya, na sa ɗan ƙarfen nan mai ƙafafu da yake hana nama zama cikin ruwa, na ɗora ƙullin naman a kai a daskarensa. Ina yi ina bayani kamar mai tallar magani a tasha. Na ce in ɗanye ne da bai shiga firiza ba, 'yan mintoci kaɗan sun ishe shi, daskararre kuwa yana son minti ashirin da wani abu. Na kulle marfi, na danna.

Mama ta ce, "Tukunya nan, shi zai dafa da kanshi? Ba wuta, ba hayaƙi?"

Na ce, "Ki zuba ido kawai."

Da lokaci ya cika na buɗe wa tururin hanya. Ya fito da ƙara har kajin gidan suka watse, Mama ta ja zaninta ta kira sunan Yesu. Na yi dariya, na buɗe. Wajen naman ya nuna ya yi toka-toka, amma da na sara tsakiya da cokalin katako sai na ga sauran ja. Na farfasa shi, na mayar na ƙara masa minti biyar. Sannan na tsiyaye ruwan da kitsen, na soya shi a cikin tukunyar da albasa da tattasai da attaruhu da cittar nan tamu mai yaji. Kafin a buga ƙararrawar majami'a ta biyu miya ta haɗu, ƙamshi ya cika gida. Ba zan yi wa miyar nan ƙarya ba, ta yi daɗi.

Na ɗebo a ludayi na kai wa Mama. Ta duba, ta juya shi da yatsa, ba ta kai baki ba.

Ta ce, "Wannan nama, wa ya yanka shi?"

Na ce, "Na shanu ne, Mama. A rubuce yake a jikin leda."

"Ban tambaya ki ko menene ba. Na ce wa ya yanka."

Ban sani ba. Ban ma taɓa tunanin tambayar ba. A Abuja nakan miƙa hannu cikin firiza in ɗauka in wuce. Na ce ai yawancin mahauta Musulmi ne, da wuya a ce ba su suka yanka ba.

Ta ce, "Da wuya. Ni ban gani ƙashi ba, ban gani fata ba, ban gani mai wuƙa ba. Inji da ya niƙa shi, me ya niƙa kafin shi?" Sai ta nuna tukunyar da haɓa. "Wannan kuma, kin taɓa dafa alade a ciki?"

Da na iya cewa a'a. Amma Mama tana da wani kallo da ba a yi masa ƙarya. Na ce sau biyu ne kawai, kuma na wanke ta tas da ruwan zafi da sabulu.

Ba ta yi faɗa ba. Ta tashi da ƙyar ta shiga ɗaki. Na bi ta da ido ta ƙofa, na ga kwanon Hajiya a kan tebur, ta wanke shi tun jiya, ta shimfiɗa ɗankwalin ɗaurewa a ƙarƙashinsa. Ta ɗauke shi ta mayar cikin kabad.

Raina ya ɓaci. Na tuƙo mota tun daga Abuja, na kashe safiyata, ga shi ko ɗanɗanawa ba a yi ba. Na ce, "Mama, Hajiya ai ba za ta tambaya ba."

Ta ce, "Shi ya sa. Shekara nawa ba ta tambaya ni ba, don ta sani ni na riga na tambaya."

Bayan mun dawo daga sujada ta same ni a kicin. Ta ce in kai ta a mota mu nemi kaza ko da guda ɗaya ce, mu biya wurin Malam ya yanka, ta dafa a tukunyarta, kafin yamma kwano ya isa. Abu ne da ba zai wuce awa uku ba. Amma gida ya cika da baƙi, matan zumuntar majami'a suna ta yabon miyata suna tambayar yadda tukunyar take aiki, ni kuma ina jin daɗin yabon, ga sauran fushi a ƙirjina. Na ce, "Gobe, Mama. Yau na gaji." Ta dube ni, ta ce to, irin wancan to ɗin na waya.

Gobe ta zo, na tafi bikin ƙawata a Gwantu, ban dawo ba sai da rana ta yi sanyi. Jibi na kama hanyar Abuja. Mama ba ta iya hawa acaba kuma, ba ta iya tsayuwa a gaban murhu ita kaɗai. Ina loda kaya a mota na ce mata ta kira Hajiya ta yi mata bayani mana. Ta ce, "In ce mata me? In ce yarinya na ya kawo nama da ban sani ba?" Na ce to a bari sai Ista. Na ɗauki tukunyata na tafi, ina ganin tsofaffi ne da son girmama ƙaramin abu.

Kafin Ista Mama ta kwanta ciwo. Muka shiga zirga-zirgar asibiti, ba wanda ya ƙara tuna kwano. Hajiya ta zo dubiya sau biyu, amma kullum ɗakin cike yake da mutane, gaisuwa kawai suka yi. Da Babbar Sallah ta zo, sai ga naman rago daga gidan Hajiya cikin sabuwar robar kasuwa, tunda kwanon yana wurinmu. Ƙanwata da take jinya ta ce Mama ta daɗe tana kallon robar nan. Ana tsakiyar damina Mama ta rasu.

Kwana uku bayan jana'iza, da mutane suka ragu, Hajiya ta dawo ita kaɗai. Ta zauna a tabarma a ɗakin Mama, ta yi mini gaisuwa, ta yi addu'a irin tasu, na amsa da amin. Sai ta gyara mayafinta, ta yi ƙasa da murya.

Ta ce, "'Yata, akwai abin da nake so in tambaye ki, tunda ita ba ta nan. Mamanki ta taɓa gaya miki laifin da na yi mata?"

Na ce, "Wane laifi, Hajiya?"

Ta ce, "Ranar Kirsimeti ba na ɗora tukunyar rana, kin sani, tun kina goye. Wannan karon ma ban ɗora ba. Na ce wa jikoki su yi haƙuri, kwano yana hanya. Har aka kira la'asar ina leƙen ƙofa. Ga shi kuma an aiko wa Malam kada ya zo yanka. Sai na ce lalle akwai abin da na yi, ko wani ya kai mata wata magana. Na yi ta binciken kaina ban gano ba. Sau biyu na zo asibiti da niyyar in tambaye ta, kunya ta hana ni."

Ban san lokacin da na sauko daga kujera na zauna a ƙasa ba. Na gaya mata komai, tun daga wayar da na yi, da naman cikin leda, da tukunyar, da kazar da Mama ta roƙe ni na ce gobe. Ban rage wa kaina komai ba. Na ce Mama ba ta taɓa fushi da ita ba, ni ta rufa wa asiri.

Hajiya ta share ido da bakin mayafi, ta ɗan yi murmushi. Ta ce, "Ashe tsare mini baki ta yi. Ni kuwa ina can ina zarginta da canza hali. Allah ya yafe mini." Ba ta ce mini komai a kan nawa laifin ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Da za ta tafi na buɗe kabad na ɗauko kwanon. Yana nan yadda Mama ta ajiye shi, a wanke, da ɗankwalin a ninke a ciki. Na miƙa mata, na ce ta riƙe don tunawa. Ta shafa ɓantalallen gefen da yatsa, ta mayar mini a hannu.

Ta ce, "A'a. Kwanon nan bai taɓa shiga gidana babu komai a cikinsa ba."

Kirsimetin da ya biyo baya na zo da wuri. Na sayi akuya, Malam ya zo da wuƙarsa, ya yanka a gindin mangwaro. Na sauko da tukunyar Mama, na hura itace, hayaƙi ya cika mini ido, shinkafar ta ɗan kama ta ƙasa. Tukunyar lantarkin na bar ta a Abuja. Har yau ina dafa niƙaƙƙen nama a cikinta ranar da na dawo aiki a gajiye, don ba ita ta ce gobe ba.

Na ɗaure kwanon a ɗankwali na kai da kaina bayan sujada. Na tarar Hajiya ba ta ɗora tukunyar rana ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta buɗe, ta sa albarka, ta kira jikoki. Sai ta ɗaga kai ta duba bayana, wajen ƙofa, inda Mama ta saba tsayawa tana cire takalmi tana ƙorafin ɗan acaba. Ni ma na waiwaya, alhali na san ni kaɗai na zo.