Cokalin Sang-gu

Shekara da shekaru teburina yana jingine da na Bok-nim a kasuwar kifi ta Sokcho, ban taɓa ganin ta ɗaga wa kowa hannu ba sai ranar da ɗanta ya kafa cokali a cikin shinkafa. Ni kuwa na ce ta yi daidai, har gobe ina kan bakana.

Ba 'yar garin nan ba ce. Daga wani ƙauyen masunta kusa da Hungnam aka ɗauko ta, can Arewa, ƙetaren iyaka, lokacin yaƙin da ya raba ƙasarmu biyu, tana 'yar shekara goma. Ƙaninta Sang-gu yana fama da ƙyanda, ga ƙanƙara na zuba, uwarsu ta ce ba za a sa yaro a kwalekwale cikin wannan sanyi ba. Aka ce a bar shi wurin kaka. Bok-nim ce ta goya shi ta kai shi. Ya damƙe mata gashi yana ihu, ta riƙa ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Haba Sang-gu, kwana biyu ne fa, yanzu za mu dawo." Kwana biyun nan ne har ta yi furfura.

Kan yashin bakin teku suka sauka, inda sauran 'yan Arewa suka kafa bukkoki don kada su yi nisa da gida. Uwar har ta rasu ba ta yarda an sayi babbar tukunya ba, wai wa zai ɗauke ta in an tashi komawa. Bok-nim ta girma tana feɗe kifi, ta auri masunci, teku ta cinye shi, ya bar ta da ɗa guda, Jae-pil. Da busasshen kifi ta yi masa karatu har ya samu aikin ofis a Seoul.

Duk shekara, in ranar haihuwar Sang-gu ta zagayo, sai ta dafa miyar ganyen teku, wadda kowannenmu ke sha ranar da aka haife shi. Ta zuba shinkafa a kwano, ta kwantar da cokali a gefe, ta zauna tana kallon abincin har ya huce. Daga nan ta leƙo ta katanga.

"Ke, zo ki taya Sang-gu, bana ma ya makara."

"Yaya, wannan ƙanin naki bai san lokaci ba."

"Gado ya yi. Ubanmu ma haka yake."

In je in cinye tas, mu yi dariya. Kowa dai ya sani, mai rai ake kwantar wa cokali a gefen kwano. Mamaci ne ake kafa wa shi tsaye a tsakiyar shinkafa, ranar da ake yi masa abincin tunawa.

To, wata shekara Jae-pil ya zo hutu ya tarar da kwanon nan. Ina zaune, ya ɗauki cokalin ya caka shi a shinkafa.

"Mama, a daina wahalar nan haka. Yunwar da aka yi a can, sau nawa muka ji labarinta? In ya mutu kuma ba mai kafa masa cokali, ai da yunwa zai yi ta yawo."

Tas! Ta wanke shi da mari, sai da tabaransa suka faɗi.

"Ka ga gawarsa?"

"A'a, Mama."

"An aiko maka?"

"A'a."

"To wa ya ba ka izinin kashe mini ƙani a ɗakina?"

Ta zare cokalin, ta goge shi da gefen zaninta, ta kwantar.

Ba shi kaɗai ya ci mutuncin matar nan ba. Duk sanda manyan can da na nan suka yi wa juna murmushi, sai ka ga motocin talabijin sun cika mana unguwa. 'Yan jarida su yi ta ce mata, "Kaka, kalli teku. Kaka, ɗan share ido." Wata yarinya har cewa ta yi a sake kukan, wai na'urarta ba ta ɗauka ba. Da ruwan wankin kifi na raka ta har bakin mota. In manyan suka ɓata kuma, shi ke nan, ko kare ba ya leƙo mu. Ta ba da sunanta cikin masu neman a haɗa su da danginsu, aka ce sai wanda ƙuri'a ta faɗa kansa. Ƙuri'a! A ce ganin ɗan'uwanka, ciki ɗaya, sai da ƙuri'a, kamar mai neman cin firji a bikin kanti. Ba ta taɓa faɗowa kanta ba.

Jae-pil kuwa mari bai sauya masa ra'ayi ba, sai dai ya koma faɗa mini a bayan idonta. Ya tsaya gaban teburina yana tsinkar kifina yana ci.

"Inna, mu faɗi gaskiya. In aka buɗe iyakar nan, wa zai ciyar da mutanen can? Mu nan haya ma ta gagare mu. Wata ƙasa ce kawai, yare ne ya zo ɗaya."

"Wata ƙasa? Wannan shimfiɗeɗɗen hancin naka a Seoul ka saya? A ina aka binne cibiyar uwarka?"

"Inna kenan, ba a yi miki magana."

"Ajiye mini kifina."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, yaron ba mugu ba ne. Shi ke sayen maganinta, shi ya gyara mata rufin ɗaki. Sa'o'insa duk haka suke magana, hankalinsu kwance, ba su ma san akwai abin kunya a ciki ba.

Bara da bazara Bok-nim ta rasu. Da bikin girbi na kaka ya zo, Jae-pil ya buɗe gidan don yi mata abincin tunawa, ya aiko in zo da safe. Na shiga, ga hotonta, ga 'ya'yan itace, ga kifin da take so, ga kwanonta da cokali a tsaye. Wannan ya yi daidai, nan da nan hawaye ya zo mini. Sai na ga wani kwanon a gefensa. Shi ma da cokali a tsaye.

"Na waye wannan?"

"Na Kawu Sang-gu. Na ce bari su ci tare, Inna, tun da ba su samu ci tare a nan ba."

Har ga zuciyata na san da alheri ya yi. Amma matar nan ta kwashe rayuwarta tana tsaron cokali ɗaya, ƙasar kabarinta ko bushewa ba ta yi ba an caka shi. Na tsallake tabarma, na zare shi, na goge da gefen zanina, na kwantar.

"An aiko maka?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "To Inna, wa zai riƙa dafa masa? Ni ko ranar ban riƙe ba."

Ni na riƙe. Da sanyi ya shigo na sayi ganyen teku, na dafa wa mutumin da ban taɓa gani ba, ba dangin iya ba na baba. Na kwantar masa da cokali, na jira ya huce, na ce, "Sang-gu, bana ma ka makara." Ba wanda zan leƙa in kira ta katanga, ni kaɗai na ci.

Na haura saba'in, gwiwoyina sun fara ƙi. 'Ya'yana na ce mini wannan miyar ta zama rigima. Ranar da na faɗi, ranar Sang-gu zai mutu, ko da yana can zaune a ƙofar gidansa yana shan hantsi, yana jiran yayarsa ta cika kwana biyu.