Hannun Makau

Makau mai gyaran keke ne a ƙauyenmu, kusa da Adabka. In ya kama hannunka a gaisuwa, to nemi wurin zama. Zai tambayi iyali, gero, awaki, har surukarka, hannunka na cikin nasa mai baƙin mai. Mukan yi masa tsiya cewa gaisuwarsa ta fi facinsa cin lokaci.

Da korona ta zo, rediyo ta ce a daina musabaha. Makau ya tsorata ƙwarai, don yana fama da tari tun shekarun da ya yi yana dakan dutsen zinariya a Bagega. Ya sayo bokiti mai famfo a kasuwar Bukkuyum, ya ajiye bakin rumfarsa da sabulu. In ka miƙa masa hannu sai ya dafe ƙirji ya ce, "Yi hanƙuri, ina son raina." Mu yi dariya, shi ma ya yi. Tsoro ne da ake faɗinsa a bainar jama'a. Cutar ta wuce ba ta taɓa gidansa ba.

Sai 'yan bindiga suka mamaye dajinmu. Suka harbe ɗan Makau, Hamisu, a gona saboda ya hana su babur ɗinsa. Daga baya aka ce an yi sulhu, wato mu nome musu gonaki, su bar mu da rai. Wannan tsoron ba mai ambatonsa, ko ga maƙwabci, don ba ka san wa ke kai musu labari ba.

Ranar sulhun aka jera mu gindin tsamiya, jagoransu na bi yana gaisawa da dattawa. Kowa ya san cewa shi ya harbi Hamisu. Kowa ya san kuma 'ya ɗaya ta rage wa Makau, Mardiyya, kuma ƙin gaisuwa zai iya jawo su ƙofar gidansa. Har yau raina na ɓaci in na tuna yadda muka sunkuyar da kai. Mutumin ya miƙa hannu. Makau ya kama, ya ce, "Lahiya lau," ya saki.

Da yamma na tarar ya jawo tsohon bokitin nan, yana ta cuɗa hannu har ruwan ya ƙare.

"Wancan karo sabulu na hidda shi," ya ce, bai dube ni ba. "Wanga ya ƙi hita."

Tun ranar bai sake ba kowa hannu ba, ko ni, kuma ba wanda ya yi masa dariya.