Matan da Lorna Kubiak ta Kwashe

Lorna Kubiak ta ba hamsin baya. Tun tana budurwa take aiki a wani gidan burodi a birnin Toledo, kullum tsaye a kan siminti, har gwiwarta ta hagu ta gaji da ita. Mijinta ya rasu ya bar mata gida da wani kare marar jin magana. Jin daɗin da ya rage mata shi ne sofbol ɗin yammacin Talata, wasan bugun ƙwallo da kulki, a ƙungiyar unguwa ta maza da mata, irin waɗanda ke zuwa fili da kulkin bugu a hannu ɗaya, akwatin giya mai sanyi a ɗayan. Ita ce mai jefa musu ƙwallo. Hannun bai tsufa ba, ƙafar ce kawai, don in ta buga ƙwallo da ɗingishi take isa tasha ta farko, inda mai bugu ke fara rugawa.

Shugaban ƙungiyar, Duane Hostetler, dillalin tsofaffin motoci ne, mutum mai son a miƙa masa makirufo. Duk kaka in an rufe wasa sai a taru a ɗakin baya na wata mashaya, a ci fiza, shi kuma ya raba kyaututtuka: gwanin bugu, gwanin cafka, sarkin makara. A wannan shekarar jifar Lorna ce ta kai su na biyu, saboda haka ta sa rai da kofin gwarzon shekara. Ta je an gyara mata gashi, ta kuma gayyato 'yarta Renee.

Duane ya ba ƙanin matarsa, Kurt, kofin. Sannan ya kira sunan Lorna, ya zaro wani kunkurun roba da aka fesa wa fenti ruwan zinariya.

"Lorna tamu," in ji shi, "ta bar tasha ta farko a watan Yuni, sai a Agusta muka gan ta a ta biyu."

Ya kawo mata kunkurun yana jan ƙafar hagu yadda take yi, ɗaki ya kwashe da dariya. Lorna ta karɓa, ta yi murmushi, har godiya ta yi. A mota Renee ta yi ta faɗa, tana cewa uwar ta bar wasan nan haka, ba ta ga abin da take samu ba sai wulaƙanci. Lorna ta ce ita ba ta da niyyar barin wasa. Da suka isa gida ta ɗora kunkurun a kan firji, inda za su riƙa haɗa ido kowace safiya.

Dokar gasar ita ce duk ƙungiyar da ba ta fito da mata huɗu ba, an cinye ta ba tare da an buga ba. Da ƙanƙara ta rufe gari, Lorna ta fara bin matan ƙungiyar gida gida, da burodi mai zafi a jaka. Ba ta yi wa Duane ƙarya ko ɗaya ba, ba ta kuma ambaci abin da ya yi mata ba. Ta dai tuna wa Joanie shekarar da ya ba ta gwangwanin man shanu, wai ƙwallo ba ta zama a hannunta. Ta tambayi Tisha ko ta taɓa tsayawa wani wuri in ba can ƙuryar fili ba, inda sauro kaɗai ke zuwa. Kowacce ashe tana da nata a ciki. Lorna ta roƙe su abu ɗaya, su yi shiru sai an rufe rajista.

Talatar farko ta bazara Duane ya iso da mazansa, ya hango matan duka a filin da ke kusa, cikin sababbin riguna rawaya, tare da mazajensu da wasu masu aikin gidan burodi, sun kafa tasu ƙungiyar. Alƙalin wasa ya ƙirga, ya ba abokan karawarsa nasara. Mako na gaba ya jawo matarsa da wasu 'yan uwanta, ƙwallo ta sami matar a ƙauri, ta rantse ba za ta sake ba.

Ya zo har gidan burodi ya sami Lorna tana kwashe fulawa daga kan tebur.

"Haba Lorna, wasa ne fa na yi."

"Na sani, Duane. Wannan ma wasa ne."

Ya ce to ta ba shi aron mata biyu kawai, ya lallaɓa zuwa ƙarshen shekara.

"Ba motoci ba ne da zan ba ka aro. Ga su can, je ka tambaye su da bakinka."

Bai je ba.

Ranar da aka haɗa ƙungiyarsa da ta Lorna, mata uku ya iya samowa. Alƙali zai ba su Lorna nasara a bagas, ta ce a'a, ta yafe, a buga. Ba tausayi ba ne. Ta yi shekaru tana kallon bugun Duane daga benci, ta san ƙwallon da ta yi sama sosai ta faɗo daf da gwiwarsa ita ce ba ya gani. Ita ta yi ta jefa masa, a hankali, kamar tana miƙa wa jika. Duk shigowar da ya yi iska ya yi ta sara, abin da ko sabon shiga ke jin kunyarsa a irin wannan wasa. A ta ƙarshe ya wurgar da kulkin. Lorna ba ta yi dariya ba, ta dai tsaya tana kallonsa har ya kai benci.

Kafin kaka ƙungiyar Duane ta watse. Ta Lorna kusan ta ƙarshe ta zo a gasar, ko a jikinta. A bayan gidanta aka yi taron rabon kyauta, aka gasa nama, kowa ya tafi da abinsa, ba a kwaikwayi tafiyar kowa ba. Tisha ce ta ɗauki gwarzon shekara. Kurt ya nemi shiga, ta karɓe shi. Duane ya aiko ta bakin Kurt ɗin shi ma yana son shiga, ta ce wuri ya cika.

Bara aka yi mata aikin gwiwa, yanzu daga kujerar ninki take ba da umarni, Joanie ke jifa. Fastonsu ya taɓa yi mata maganar yafiya bayan sujada. Ta ce ai ta yafe tuni, har addu'a take yi masa ya sami ƙungiya, a wani garin.