Rezar Azara

Ina bakin famfo a Yendi, bokiti bai kai rabi ba, wayata ta yi ƙara. Suhaila ce, 'yar ƙawata Azara. Ta ce Mma, wato Azara, ta faɗi a gindin murhu da hantsi, kafin a samo mota Allah ya yi mata cikawa. Na yi salati. Na tsaya har bokitin ya cika, na kai gida, na juye a randa. Sannan na nemi mayafi.

Tare muka tashi da Azara a zangon Bawku, gida na kallon gida. Aure ya kai ni Yendi, ita kuma Salaga, gidan Sualihu dillalin doya. Shekarar da kasuwa ta juya masa baya, Azara ba ta kai kuka gidan kowa ba. Ta lura duk motar da aka loda, sai an bar karyayyar doya a ƙasa, wadda fatake ba sa so. Ita take kwasowa da araha, ta fere, ta yanyanka, ta shanya a kan rufin kwano, ta niƙa gari, ta turara wasawasa. A zaurensu take sayarwa, da mai da yaji da soyayyen kifin Makango. Da wannan tukunya yara huɗu suka yi makaranta.

Tana da reza a naɗe cikin takarda, ƙulle a bakin zane. Sabulu ta raba shi, dunƙulen magi ta raba, har tsinken ashana na ga ta tsaga biyu, kowanne kuma ya kama. Girki na nuna sai ta zare itacen ta yayyafa masa ruwa, gobe ya sake aiki. Sualihu kan ce ran da ya makara a barci zai farka ya tarar an raba shi, an ajiye rabi saboda gobe. Ba rowa ba ce. Baƙo bai taɓa fita gidanta da yunwa ba. Ɓarna ce kawai idonta ba ya iya gani.

Shekara biyu da suka wuce likita ya ce tana da hawan jini. Ya rubuta ƙwaya ɗaya kowace safiya, ya ja mata kunne kada ta yi fashi. Ba ta taɓa fashi ba. Reza ta sa, maganin wata ɗaya ya riƙa kai mata wata biyu. Mijinta da yara ba su sani ba, tunda kullum suna ganin ta kai hannu baki ta kora da ruwa.

Ni na gani a zuwana na ƙarshe, bayan ƙaramar salla. Muna yankan doya ta tuna ba ta sha ba. Ta ɗora ƙwayar a kan murfin kwano, ta raba ta daidai, ko ɓurɓushi bai faɗi ba. Na ce mata wannan fa ba magi ba ne. Ta ce jikinta ƙarami ne, rabi ya ishe shi, kuma abin da take ragewa na keken ɗinkin Suhaila ne. Na yi niyyar gaya wa Sualihu. Na same shi a zaure, muka gaisa, muka yi zancen ruwan bana, na wuce. Na ji nauyin tona ƙawata a gidan mijinta.

Ko da na isa Salaga an riga an kai ta. Suhaila ta ja ni ɗaki, ta nuna mini abin da masu wanka suka kwance a bakin zanen: reza, da rabin ƙwaya a takarda. Ta tambaye ni ko na san na mene ne. Na riƙe hannunta kawai.

A wancan zuwan na bayan salla, Azara ta raka ni har tasha, ta tura mini ƙullin wasawasa cikin jaka. Na kama gefen mayafinta.

"Maman Suhaila, don Allah ki riƙa shan guda."

Ta yi dariya. "To, uwar likita. Bari yarinya ta sami keke tukuna."

"Kin yi alkawari?"

"Anisatu, hau mota, za a cinye miki wuri."