Bencin da Suka Kafa Miki, Leontine Malveaux

Ranar Alhamis, shida ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran Mis Leontine Malveaux a gidanta da ke bayan cocinmu, a nan kudancin Louisiana, tana da shekara saba'in da ɗaya. Ina gyaran tarkon jatan lande a ƙofar gida 'yata Marcelline ta fito da waya a hannu ta faɗa mini. Yau mako biyar ke nan da 'yan kwanaki. Na so in yi rubutun nan tun a makon farko, amma duk lokacin da na ɗauki biro sai takaici ya riga baƙin ciki fitowa, kuma na ga bai dace in yi ta'aziyya ina huci ba. Yanzu na gane hucin ba inda za shi. Ki yi haƙuri da ni, Mis Leontine, ai kin saba.

Shekara talatin kika yi kina koya wa marasa lafiya motsa jiki a asibiti. Da kika yi ritaya sai kika ɗauke mu, mu da ciwon sukari ya cinye wa jijiyoyin ƙafa. Tafin ƙafarka yana zafi kamar ka taka garwashi, amma ƙusa ta shige shi ba za ka ji ba. Daga nan tsoro ke shiga: kada in faɗi, kada in yi gyambo, kada sukari ya sauka ina kan hanya, kada a yanke ƙafar. Mutum sai ya zauna, kuma zaman ya ƙara lalata shi.

Ni Clovis Prejean shekara uku na yi a kujera mai kwanciya a falo. Ba na jin kunyar faɗa yanzu, har kwalbar fitsari nake ajiyewa a gefenta don kada in taka zuwa banɗaki. Kowa a gidan yana sona, kowa yana cewa, "Baba, zauna abinka, zan kawo maka." A kawo shinkafa da miyar gumbo a faranti, a ɗauke, a kawo kofi.

Ranar da kika fara shigowa ba ki ko gaishe ni ba. Kika tsaya a bakin ƙofa kika yamutsa fuska.

"Clovis, wa ya mutu a ɗakin nan ba a binne shi ba?"

"Ciwo ne, Mis Leontine."

"Ciwon a ƙafa yake, ko har hancin ya tafi? Marcelline, ɗauke mini kwalbar nan kafin in amayar da karin kumallona."

Na ji haushinki sosai a ranar. Amma sai kika zauna kika fito da tarin hotuna daga jaka: wani yana hawan matakala, wata tana girki a tsaye, wasu suna rawa, wani yana tafiya a kan ciyawa. Kika ce in jera su a tebur, daga wanda ya fi mini sauƙi zuwa wanda ya fi ba ni tsoro. Na farkon shi ne zuwa akwatin wasiƙu a bakin titi. Kika tambaye ni me nake ganin zai faru in na je, na ce zan faɗi kafin in kai, ƙafata kuma ta fashe. Kika rubuta a bayan hoton. Muka auna sukari, kika zazzage takalmina ko akwai tsakuwa, kika cusa mini alewa a aljihu, muka fita. Da muka dawo kika sa madubi a ƙarƙashin ƙafata.

"Karanta abin da ka ce. Ka faɗi?"

"A'a."

"Ta fashe?"

"A'a, amma tana zafi."

"To da kana zaune, sanyi take yi?"

Haka kika bi da ni hoto bayan hoto har wata bakwai. Ba ki taɓa yi mana alkawarin ciwon zai tafi ba, kuma ba ki da ganganci. In kika ga ja kaɗan a ɗan yatsa, wannan makon babu tafiya sai likita ya duba. Mu tara muka zama, Talata da Juma'a, muna bin hanyar bakin rafi daga coci zuwa maƙabarta.

A cikinmu wadda kika fi sa wa ido ita ce Odile Frilot. Mijinta Alcide ya rasu shekara huɗu da suka wuce, ranar binne shi kuma a mota ta zauna tana leƙe ta taga, don tsoron ƙasar maƙabarta mai tudu da kwari. Abin ya tsaya mata a rai. Hotonta na ƙarshe, wanda kika ɗauko mata da kanki, shi ne kabarinsa. 'Ya'yanta sun sha cewa za su tura ta a keken marasa lafiya, ta ce da ƙafarta ta je ɗaurin aurensu, da ƙafarta za ta je kabarinsa. A watan Fabrairu ta kai babbar itaciyar da ke tsakiyar hanya, kika ce mata kafin bikin Ista za ta ƙarasa.

Sai kika rasu. Kuma a nan takaicina ya fara.

A wurin cin abinci bayan jana'izarki, da kunnena na ji mutane, baki cike da nama, maiƙo har haɓa, suna cewa yawon nan ne ya kashe ki. Alhali kowa ya san ciwon zuciyarki tsoho ne, kuma likitanki da kansa ya ce ki riƙa tafiya. Babu wanda ya tsawata musu. Ana cikin haka ɗan ƙanenki Renard, wanda ya zo daga Houston, ya buga cokali a kofi ya sanar cewa iyali za su kafa miki benci, kamar yadda ake yi wa duk mutumin kirki a garin nan. Aka yi tafi, har Fada, limamin cocinmu, ya share hawaye.

Benci, Mis Leontine! Ke da kika ƙare rayuwarki kina tayar da mutane daga kujera. Cikin mako uku aka kafa shi, aka dasa ƙafafunsa a siminti, da farantin tagulla mai sunanki da rubutun da ke cewa mai wucewa ya zauna ya huta. Ba su ga inda za su sa shi ba sai ƙarƙashin itaciyar nan ta tsakiyar hanya. Talatar farko mutum biyar suka zauna, wai na minti biyu. Talata ta biyu da kofi da tsiran alade da muke kira boudin suka zo. Na tsaya ina kallonsu suna lashe yatsu a kan sunanki. Na san ba hutu kika hana mu ba. Amma hutunki numfashi goma ne, sai a ci gaba.

Odile kuwa tun ranar jana'izar ba ta sake fitowa ba. Ɗanta ya dawo mata da keken daga gareji, ya ce, "Mama, kin dai ga abin da ya sami Mis Leontine."

Ranar Juma'ar da ta wuce na karɓi jakar hotunanki a wurin 'yarki Celestine, na tafi gidan Odile. Na same ta a kujera da bargo a gwiwa, ɗakin ya fara irin warin da na sani. Na ajiye mata hoton kabarin Alcide.

"Me kike ganin zai faru, Odile?"

"Zuciyata za ta tsaya, kamar tata."

"Likitanki me ya ce?"

"Ya ce in yi tafiya. Kai kuma yaushe ka zama malami, tsohon mai kwalba?"

Na rubuta abin da ta ce a bayan hoton. Muka auna sukari, muka zazzage takalmi, na ba ta alewa. Tafiyar ta yi nisa a ranar. Da muka isa itaciyar, masu benci suka matsa suka buɗe mata wuri, suna cewa ta zo ta huta, ai don irinta aka yi shi. Ta dubi farantin tagullar, ta karanta, ta ja tsaki. Ta dafa jikin itaciyar a tsaye ta ja numfashi goma, ina ƙirga mata. Sai ta wuce.

Kabarinki ne kusa da ƙofa, ƙasarsa ba ta gama kwanciya ba. Nan ta fara tsayawa, gumi yana zuba.

"Ga ni, masifaffiya," ta ce. "Saura kwana tara Ista."

Daga nan ta taka ciyawar mai tudu da kwari har wurin Alcide, ni kuma na juya baya na bar su. Da na waiga hanya, sai na hango biyu daga cikin masu benci sun taso suna biyo mu, ɗaya da kofinsa a hannu.

Allah ya jiƙanki, Leontine Malveaux, ya yafe miki kurakuranki, har da kaifin bakin nan da ya tashe mu. Ya saka miki da kowane taku da muka yi a dalilinki, ya haskaka makwancinki. Celestine, Allah ya ba ki haƙuri, ke da jikokinta da dukan dangi. Renard, na san da zuciya ɗaya ka yi, Allah ya yafe maka, ni ma ina ƙoƙari. Ranar Talata ƙarfe takwas muna ƙofar coci, kowa ya zazzage takalminsa. Benci yana nan ga mai so, ni dai ba zan zauna a kansa ba.