Ragon da Na Yanka Kafin Liman

Ko shekara nawa zan yi a duniya, Babbar Sallar da ta zo 'yan kwanaki kafin Kirsimeti ba za ta fita daga raina ba. Ita ce ta farko bayan rasuwar mahaifinmu, kuma layyar gidanmu na Samaru ta dawo wuyana.

Ana sallame sallar Idi na sulale, ban tsaya huɗuba ba, domin mahaucin da zai yi mana fiɗa ya ce gidaje da yawa na jiransa. Na yi bisimilla na yanka. Ana cikin fiɗa kawuna ya shigo, ya dubi ragon, ya dube ni.

"Yaushe ka yanka?"

Na gaya masa.

"To, ka riga liman. Wannan naman miya ne, ba layya ba."

Mahaifiyata ta juya ta koma ɗaki. A nan na ƙudurta cewa kwanaki ukun yanka ba za su ƙare gidanmu bai yi layya ba.

Washegari na karaɗe Samaru. Abin da ya rage a turaku, daga gurgu sai mai ido ɗaya, kuma ba a layya da mai aibi. Rana ta uku na shiga Sabon Gari, can ma haka. La'asar ta kusa na tuna da wani dattijo Kirista a Dogarawa, abokin aikin mahaifina a reluwe, wanda ba ya rabuwa da kiwo.

Na same shi yana ba ragonsa dusa. Na Kirsimeti ne, wata shida yana turke. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi dariya.

"Gaggawar babanka ka gado! Kwance shi, ɗana. Naku yana da wa'adi, namu ko kaji sun wadatar."

Duk da haka sai da na duba haƙora da idanu da ƙafafu kafin na biya. Ya ce, "Duba da kyau, malam, amma cinya tawa ce."

Na yanka rana na gab da faɗuwa, mahaifiyata na tsaye a bakin ƙofa tana kabbara. Da hannunta ta ware cinyar.

Tun daga ranar na gane cewa layya ba nama ba ce, biyayya ce, kuma biyayya tana da lokacinta. Yanzu ko mahauta goma ke jirana, sai na ga wuƙar liman ta sauka.